Ba Yaron Ne Ya Kashe Kwamfutar Ba



Idan akwai kwamfuta a gidanki, kuma kina da yaro mai buga gem a kanta, ina roƙon ki ba ni 'yan mintuna. Abin da zan ba ki labari a gidana ya faru, a Sabon Birni, a bazarar 2025, kwanaki kaɗan bayan ƙaramar Sallah. Ya kusa shiga tsakanin ɗa da mahaifinsa, amma da aka bi diddigi, sai ga shi bai wuce ƙura cikin cokali ba.

Ina tsakar gida ina tankaɗe wajen ƙarfe uku na rana, sai na ji yaron ya yi salati daga ɗaki. Ɗan fari ne, kin san ba a kama suna, ki yi mini uzuri. Na leƙa na same shi a kan katifa, kwamfutar na gabansa, fuskarta baƙi ƙirin. Ya ce, "Inna, ina cikin wasa tam mutu, ban taɓa komi ba." Ya danna maɓalli ta tashi, ya koma ƙwallonsa. Ko minti biyar ba a yi ba ta sake ɗaukewa ɗif, kamar an hure fitila. Babu rubutu, babu gargaɗi.

Kwana uku ana haka kafin maganar ta kai kunnen maigida. Bai tsaya dogon bincike ba. Ya ce, "Na san za a rina. Wasan banzan ga naka shi yak kashe ta. Daga yau in na ƙara ganin ƙwallo cikin na'urar ga, ni da kai na." Yaron ya rantse, ya ƙara rantsewa. Uban ya ce ƙarya yake yi, wataƙila ma kayar da ita ya yi yake ɓoyewa. Ni kuwa ina tsaye riƙe da rariya. Zuciyata ta ce yaron nan gaskiya yake faɗa, amma kunyar ɗan fari ta ɗaure mini baki. Wace uwa ce za ta tsaya gaban miji tana kare ɗanta na fari? Na koma bakin turmi na yi shiru, kuma har yau shirun nan yana ci mini rai.

Sai na gaya miki matsayin kwamfutar nan a gidanmu kafin ki gane nauyin abin. Ƙanena da ke aiki a Sakkwato ne ya aiko mana da ita, ta hannu ce, irin ta ɗorawa a cinya. Ya aiko ta ne a ƙarshen 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jiharmu saboda matsalar tsaro, har da Sabon Birni da Isa. Mai son kira a lokacin sai ya nemi layin Nijar. Ƙanen nawa ya zuba mata abubuwan da ba su buƙatar intanet: karatun Alƙur'ani, darussan makaranta, tambayoyin jarrabawa na shekarun baya, da wasan ƙwallo na PES. Kin san tun 2015 a kwamfuta ake zana JAMB gaba ɗaya, kuma yaron da bai saba da madannai ba, ko ya san amsa hannunsa na iya kayar da shi. A shekarar nan yaron zai zana, saura 'yan makonni.

Wannan shi ne amfaninta da kowa ya sani. Akwai wani kuma da ni kaɗai na ajiye a raina. Duk uwar da ke zaune a ƙasar Gobir a shekarun nan ta san darajar a kira magariba ta ƙirga 'ya'yanta ta same su cif a cikin gida. Wasan ƙwallon da ubansa ke kira na banza, shi ne igiyar da ta ɗaure mini saurayi ɗan shekara 17 a ɗaki. Abokansa biyu ma nan suke zuwa, ina jin ihunsu ina aikina, hankalina kwance.

Da aka hana wasan, igiyar ta tsinke. Yaron ya daina hira. Ya gaida uban a taƙaice, ya ci abinci, ya sulale. Na ji an ce yana zama wajen masu cajin waya a bakin tasha, inda samari ke taruwa suna buga gem a waya. Wata rana har aka idar da isha'i bai shigo ba. Na zauna a zaure cikin duhu, duk babur ɗin da ya wuce sai gabana ya faɗi. 'Yar uwa, ke ma kin san irin zaman nan, ba sai na fasalta miki ba.

Maigida ya ce tunda jarrabawa ta ƙarato, a kai kwamfutar Sakkwato a gyara. A baki abu ne mai sauƙi. Amma hanyar Goronyo ce, hanyar da aka tare Sarkin Gobir na Gatawa a 2024, Allah Ya jiƙansa da rahama. A wurinmu ba a hawa titin nan sai da dalili mai ƙarfi da addu'ar iyaye. Na ce a raina, kafin wani nawa ya hau mota saboda na'ura, bari in fara buɗe idona.

Sai na fara lura. Da safe bayan karin kumallo yaron yakan ɗora ta a kan benci yana amsa tambayoyin jarrabawa, awa biyu, wani lokaci uku, ko tari ba ta yi. To abin da ya lalace ai ba ya zaɓen lokaci. Ranar da maigida ya tafi kasuwa na ce wa yaron, ba tare da na dube shi ba, "Kai, kunna ƙwallon nan in gani." Ya yi tsammanin tarko ne, sai da na maimaita. Ya haye katifa kamar yadda ya saba, ni kuma na duba agogon wayata. Da farko shiru. Can sai na ji wani ƙugi daga cikinta yana ƙaruwa, kamar injin markaɗe daga nesa. Minti 14 ta ɗauke. Na sa hannu a ƙarƙashinta, na janye da sauri. Wallahi kamar murfin tukunyar da aka sauke yanzu.

Da dare na kira ƙanena. Tambaya uku ya yi mini. "Yaya, a kan mi shika aza ta? Da wane lokaci shika wasan? Yaushe rabon da a buɗe ta a share?" Na ce a kan katifa, da rana tsaka, kuma tunda ta zo gidan nan ba a taɓa buɗe ta ba. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, lafiyarta lau. Ba mutuwa taka yi ba, gudun mutuwa taka yi."

Ga bayanin da ya yi mini, da abin da na ƙara fahimta daga baya, cikin harshen da ni da ke za mu gane.

A cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan ƙarfe da bai fi akwatin ashana faɗi ba, shi ne ƙwaƙwalwarta, masu gyara na ce masa furosesa. Akwai kuma sashen da ke zana hotunan da ake gani. Duk lokacin da suke aiki zafi suke fitarwa, kuma gwargwadon nauyin aikin, gwargwadon zafin. Karanta tambayar jarrabawa a wurinsu kamar ɗaukar kofin ruwa ne. Gem kuwa dakan gero ne ba hutawa: 'yan wasa 22 na gudu, ƙwallo na yawo, kuma sai an sake zana hoton sau da dama a cikin daƙiƙa ɗaya. Shi ya sa aka sa 'yar fanka a ciki, tana jawo iska ta ƙananan ramukan da ke ƙasa, ta bi da ita ta kan wasu siraran ƙarafa, ta fitar da zafin ta gefe.

Idan zafin ƙwaƙwalwar ya doshi digiri 100 a ma'aunin Salshiyas, wato zafin tafasar ruwa, kwamfutar takan fara rage gudu da kanta. Nan ne yaro zai ce wasan yana sarƙewa. Idan hakan bai wadatar ba, sai ta yanke wutar gaba ɗaya ba sallama, don kada ƙwaƙwalwar ta ƙone. Haka aka ƙera ta. Ɗaukewar da muke ta faɗa a kanta, dabarar tsira ce.

Yanzu ki haɗa wannan da garinmu. Yawancin masu ƙera irin waɗannan kwamfutoci sun rubuta cewa a yi aiki da su a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. Mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafin ƙasar Sakkwato kan haura 40, balle a ɗaki mai rufin kwano da ƙarfe uku na rana. Iskar da fankar za ta jawo don ta sanyaya, ita kanta da zafinta. Sannan ga katifa, wadda ke lotsawa ta toshe ramukan ƙasa ruf, kamar ki toshe wa mai gudu hanci. Sannan ga hunturu. Kin san yadda hazo ke yi mana, ki share ɗaki da safe, kafin azahar ki rubuta sunanki a kan akwati. Kwamfutar nan ta shaƙi hunturu huɗu a gidana ba wanda ya taɓa share mata ciki. Ruwa ba ya tsami banza.

Washegari muka fara da abin da ba ya cin ko kwabo. Muka sauko da ita daga katifa zuwa benci. Na samo murafan kwalba huɗu muka sa a kusurwoyinta don iska ta riƙa wucewa ta ƙasa. Muka jira har bayan magariba da gari ya ɗan sarara. Ta yi fiye da rabin awa kafin ta ɗauke. Ba ta warke ba, amma ta nuna mana muna kan hanya.

Sai na aiki yaron da ita wurin wani mai gyaran waya da rediyo a nan cikin gari, ƙanena yana yi masa kwatance ta waya. Aka kashe ta, aka zare caja, aka cire batir, sannan aka kwance murfin ƙasa. Abin da aka zaro tsakanin fanka da ramukan fitar iska, yaron ya ƙunso mini shi a takarda don in gani da idona. Wani curi ne mai ruwan toka, ƙura da zaren bargo da gashi sun haɗu sun zama kamar audugar katifa. Hanyar iskar gaba ɗaya a toshe take. Mai gyaran ya share da ɗan burushi mai laushi da 'yar robar hura iska, yana riƙe da fankar da yatsa don kada ta yi ta juyawa ta lalace.

Saura abu ɗaya. Tsakanin ƙwaƙwalwar da ƙarfen da ke kwashe zafinta akwai wani maiƙo mai kama da man goge baki, shi ke miƙa zafin daga wannan zuwa wancan. Idan ya shekara da yawa yakan bushe ya zama kamar alli. Namu ya bushe. Ƙanena ya ba direban mota sabo a 'yar sirinji ya kawo, aka goge tsohon, aka ɗiga kamar ƙwayar dawa. Saƙo ya hau hanyar Goronyo, mutum bai hau ba. Tun ranar har yau kwamfutar nan ba ta sake ɗaukewa ba.

Amma kada ki ɗauka kullum zafi ne. Bayan wata biyu yayata da ke aure a Isa ta kira ni, ta ce tasu ma ta kama wannan ciwo. Ni da na zama gwana, nan take na ce a share ƙura. Aka share, ba ta daina ba. Da muka zauna muka bi abin daki-daki, sai muka ga alamominta daban ne. Tasu ba ta yin zafi sosai. Ba ta da lokaci, wani sa'in minti biyu, wani sa'in awa guda. Kuma da ta ɗauke, ana dannawa take tashi garau.

Ashe abu biyu ne suka haɗu. Batirinta ya daɗe da mutuwa, da an zare caja take ɗaukewa. Cajar asali kuma ta ƙone, aka sayo wata a kasuwa don kawai bakinta ya shiga. A bayan kowace caja, da ƙarƙashin kwamfutar ko cikin gidan batir, akwai lambobi biyu, ɗaya da harafin V ɗaya da harafin A. Idan kika ninka su, shi ne ƙarfin cajar. Kwamfutar yayata tana neman 19.5 da 4.62, wato wat 90. Cajar da aka sayo 19.5 ce da 2.31, wato wat 45, rabin abin da ake bukata. Aikin rubutu tana iya ɗauka. Da gem ya nemi wuta da yawa sai cajar ta gaza, babu kuma batirin da zai tallafa, sai ɗif. Ga shi da ɗan janareta suke aiki, wanda da an jona wani abu mai jan wuta sai ƙarfinsa ya faɗi. Aka samo caja mai lambobin da suka dace, aka sa batir, magana ta ƙare.

To 'yar uwa, idan hakan ta faru a gidanki, kafin a ɗaga murya, kafin a kashe kuɗi, ga yadda za ki bi.

Fara da tambayar yadda take mutuwa. Idan ɗif take yi, fuska baƙi, fanka ta tsaya, to mafi yawa zafi ne ko wuta. Idan kuwa shuɗin allo take nunawa da rubutu, ko ta daskare hoton na tsaye, wannan wata matsala ce daban, ta manhaja ko wani sashe na ciki, sai mai gyara.

Sai ki duba agogo, ki kuma taɓa. Idan kusan lokaci ɗaya take ɗauka kullum kafin ta mutu, ƙasanta da zafi, fanka na ƙugi, kuma in an sake kunnawa nan take ta fi saurin mutuwa, zafi ne. Ki kara hannu a inda iska ke fita. In kina jin ƙarar fanka amma iskar ba ta da ƙarfi, a toshe take. In babu ƙara babu iska alhali ta yi zafi, fankar ce ta tsaya. Idan yaronki ya iya, akwai manhajar kyauta mai suna HWMonitor da ke nuna zafin a lamba. In yana wasa kika ga ta haura 90, kin kama ɓarawon.

Idan ba zafi, ki koma kan wuta. Ki zare cajar tana kunne, in ta mutu nan take, batir ya tafi. Ki gwada lambobin caja da na kwamfutar. Lambar V dole ta zo daidai. Lambar A in ta ɗara ba laifi, in ta gaza ne matsala. Ki motsa wayar cajar a hankali ki ga ko ɗan hasken caji na ƙiftawa, don wani lokaci bakin ne ya saki. In babbar kwamfuta ce ta tebur, wadda ba ta da batir, ko yaya wuta ta yi rawa za ta ɗauke, kuma akwatin wutar da ke cikinta ma yakan gaji ya kasa ɗaukar gem.

Akwai kuma abin da ba a yi. Kada a ɗora mata jiƙaƙƙen tsumma ko ƙanƙara, kada a sa ta a firij, laima ta fi zafi illa. Kada a yi ta kunnawa tana mutuwa, domin kowace ɗaukewa na iya lalata abin da aka adana a ciki. Idan kika ga batir ya kumbura, ko wurin da ake goga yatsa ya taso, a daina jona ta a wuta, a cire batirin, kada a huda shi, kada a jefa shi a murhu ko juji mai wuta, yana iya kamawa. Sannan duk wanda ya ce miki sai an goge komai an sake zuba Windows alhali bai buɗe ya duba fanka ba, ki ce ya dakata. Gogewa na tafiya da hotunanki da karatun yara, ƙurar kuma tana nan inda take.

Mu yanzu mun mayar da shi al'ada. Duk ƙarshen hunturu, kafin zafi ya kankama, ana kai ta a share. In ba a aiki da ita tana cikin jaka. Gem kuma sai da safe ko bayan isha'i, a kan benci, bayan an gama karatu.

Na san kina jiran ki ji yadda aka ƙare da maigida. Ƙunshin ƙurar nan na ajiye masa a gefen tabarma tare da tuwon dare, ban ce komai ba. Ya buɗe, ya jujjuya, ya ce, "Mi ne na wanga?" Na ce abin da ya kashe kwamfuta ke nan. Ya yi shiru har tuwon ya fara hucewa. Kin san mazanmu, ba a cewa ɗa yi haƙuri. Amma bayan kwana biyu sai ga shi da ɗan teburin katako da ya sa kafinta ya yi, an huhhuda samansa don iska. Ya dire shi a ƙofar ɗakin yaron ya ce, "Ga shi nan, a bar aza ta bisa katifa." Da daren nan na ji shi tsaye a bakin ƙofa yana tambaya wa ke cin wani. Yaron ya amsa, muryarsa na rawa. Ni kuwa na shige madafa, na ce hayaƙi ne ya shiga mini ido.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, makonni biyu muka yi muna tuhumar yaro da ƙarya, alhali tafin hannu ɗaya a ƙarƙashin na'urar ya isa ya wanke shi. Ya ce bai taɓa komai ba, kuma bai taɓa ɗin ba. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma mu manya in ba mu gane abu ba, wanda ya fi kusa da shi muke kamawa. Kunya adonmu ce, ba zan ce ki yar da ita ba. Amma ko ba ki buɗe baki kin kare ɗanki ba, kina iya tashi ki bincika, ki kawo shaida ki ajiye a gefen tabarma.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya tsare mana su a gida da hanya, Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Gobir da Arewa baki ɗaya. Amin.